Kullum muna waya, amma ban san cikinsa ba

Tambaya

Wata budurwa ƴar shekara 23 daga Tawa ce ta aiko da wannan tambaya. An yi mata baiko da wani saurayi ɗan shekara 27 da ke biɗa a Abijan, an kuma sa rana bayan babbar Salla. Ta ce: "Kusan kullum muna waya ko WhatsApp. Yana aiko mini da kuɗi, bai taɓa zagina ba. Amma ji nake ban san shi ba. In na tambaye shi abin da ke damunsa sai ya ce lafiya lau. In ya kwana bai kira ba, barci gagarata yake, sai in yi ta kira har sau goma, shi kuma ya ƙara yin shiru. Ba ya sona ne, ko ni ce mai matsala? Kuma aure zai gyara wannan?"

Amsa

Ƙanwata, bari in fara da tambayarki ta ƙarshe, don ita ta fi gaggawa. Aure ba ya gyara wannan da kansa. Ɗaurin aure yana halatta zama, yana ɗora wa kowa haƙƙi, amma halin da mutum biyu suka saba yi wa juna idan ɗaya ya tsorata, da shi suke tarewa. Abin dai yana gyaruwa, kuma watannin da suka rage kafin biki sun isa a fara. Sauran tambayoyin biyu kuwa, abin da kika bayyana bai nuna ba ya sonki ba, bai kuma nuna kina da wata cuta ba. Abin da ya nuna shi ne mutum biyu masu tsoro iri biyu, kowa yana kare kansa ta hanyar da ke ƙara firgita ɗayan.

Yawan magana daban, shaƙuwa daban. A 1988 wasu masana halayyar ɗan Adam biyu a Amurka, Harry Reis da Phillip Shaver, sun bayyana yadda shaƙuwa ke ginuwa, kuma har yau ana aiki da bayaninsu. Da farko mutum ya fito da wani abu na cikinsa wanda ba kowa yake nuna wa ba. Sai ɗayan ya amsa. Sannan wanda ya yi maganar ya ji a ransa cewa an fahimce shi, ba a raina abin da ya faɗa ba, kuma an damu da shi. Nauyin duka yana kan wannan na ƙarshe. In bai samu ba, ko da mai amsawa da kyakkyawar niyya ya amsa, ba a ƙaru da komai ba. Wani lokaci ma baya aka koma, don mai maganar ya koyi cewa buɗe ciki a wurin nan asara ce. Bayan shekara goma, Jean-Philippe Laurenceau da abokan aikinsa suka sa mutane suna rubuta yadda hirarrakinsu na yau da kullum suka kasance, suka tarar faɗin abin da mutum yake ji ya fi kawo kusanci a kan ba da labarin abin da ya faru. "Yau an ƙwace mana kaya a kasuwa" labari ne. "Da aka ƙwace kayan na rasa da wane baki zan gaya wa baba" buɗe ciki ne.

Ki auna wayarku da wannan ma'auni. Ina kwana, ya gida, ya su inna, kin ci abinci, kuɗin sun iso, ɗinkin ya fito. Gaisuwa ce mai kyau, tana riƙe zumunci, amma ana iya shekara ana yinta kullum ba tare da kowa ya san abin da ke hana ɗan'uwansa barci ba. Ki kuma tambayi kanki da gaske: ke kin taɓa gaya masa tsoronki? Kira goma a jere yana nuna masa kina cikin tashin hankali, amma bai gaya masa dalili ba. Abin da ya fi yiwuwa ya ji shi ne tuhuma.

Daga ina wannan tsoron ya fito? Likitan ƙwaƙwalwa ɗan Ingila John Bowlby ya nuna cewa jariri yana zuwa duniya da buƙatar wani babba da zai fake gare shi idan ya firgita, kuma daga yadda ake amsa kukansa yake gina zato game da mutane: in na nemi taimako za a zo, ko ba za a zo ba, ko sai na yi ta ihu. Abokiyar aikinsa Mary Ainsworth ta fara ganin wannan da idonta ne a Afirka, a ƙauyukan da ke kusa da Kampala a Yuganda, a 1954 da 1955. An kuma yi irin wannan nazari a ƙasar Hausa ta Najeriya, Robert Marvin da abokansa suka buga shi a 1977 kan jarirai 18. Sun ga jaririn Bahaushe yana shaƙuwa da mutum uku ko huɗu a gida, amma akwai guda ɗaya da ya fi gudu wurinsa, wanda ya fi ɗaukarsa da kula da shi, kuma ba lallai ba ne uwar da ta haife shi. Wannan yana da muhimmanci a wurinmu. Kunyar ɗan fari, ko kai yaro yaye wurin kaka, ko riƙo a gidan gwaggo, ba su ne ke lalata yaro ba. Abin dubawa shi ne ko ya samu mutum ɗaya tsayayye da ke amsa masa.

A 1987 Cindy Hazan da Shaver suka nuna cewa manya ma haka suke a soyayya. Cikin waɗanda suka amsa tambayoyinsu a Amurka, kashi 56 cikin 100 masu natsuwa ne, kashi 25 masu gudun kusanci, kashi 19 masu fargabar a bar su. Alƙaluman na can ne, ba na nan Tawa ba, amma halayen uku duk wanda ya zauna da mutane ya san su. Mai natsuwa in an yi masa shiru yakan ce wataƙila aiki ne, ya jira. Mai fargaba hankalinsa kamar a kunne yake dare da rana yana neman alamar canji: jinkirin amsa, gajeren saƙo, sauyin murya. In ya ga alama ɗaya sai ya matsa, ya yi ta kira, ya yi fushi, ya yi barazanar rabuwar da ba ya so. Mai gudun kusanci kuwa ya koya tun yana ƙarami cewa nuna rauni ba ya kawo komai sai faɗa ko dariya, sai ya mai da damuwarsa ciki, in an matsa masa ya ja baya. Ba rashin ji ba ne. A gwaje-gwajen da aka auna jikin irin waɗannan mutane, an ga jikin yana nuna tashin hankali a daidai lokacin da bakin ke cewa ba komai.

Abin da kika faɗa game da kanki ya yi kama da mai fargaba, nasa kuma da mai gudun kusanci. Amma kada ki ɗauki wannan kamar hatimi a goshi. Alaƙar da ke tsakanin ƙuruciya da halin mutum a soyayya tana nan, sai dai ba ta da ƙarfin da wasu ke zato. Saurayin da ya taɓa yaudararki, ko sakin da aka yi wa mahaifiya ko yaya kina gani, ko kishiyar da aka kawo gida ba sanarwa, duk suna iya dasa wannan fargaba bayan an girma. Haka kuma zama da mutum mai cika alkawari yana rage ta a hankali.

A nan sai an yi hattara, don a ƙasarmu shirun namiji yana da asali fiye da ɗaya. Yaron da aka ce masa namiji ba ya kuka, aka tura shi almajiranci ko biɗa tun gemu bai fito ba, aka koya masa cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, ba za a ce masa mai gudun kusanci don kawai bai iya kalaman soyayya ba. Kunya da kara tarbiyya ce. Ga yadda za ki bambance. Mai kunya yana sakewa da lokaci. In kin gaya masa kanki na ciwo, gobe zai tambaya. Yana tuna abin da kika faɗa makon jiya. Bakinsa na da nauyi amma muryarsa da ɗumi, kuma in kina cikin matsala yana matsowa, ko da da aiki ne ba da magana ba. Mai gudun kusanci kuwa janyewarsa tana ƙaruwa ne a daidai lokacin da kusancin ya ƙaru. Bayan hira mai daɗi sai ya ɓace kwana biyu. In kin yi kuka sai ya ƙosa ko ya sauya zance. Kuɗin da yake aikowa ma ki dube su ta wannan fuska. Ga ɗa namiji Bahaushe ɗaukar nauyi babbar hanya ce ta cewa ina sonki, kada ki raina ta. Sai dai in duk lokacin da kika nemi magana kuɗi ne ke zuwa a madadinta, to sun zama hanyar rufe zancen.

Yanzu ga abin da ke faruwa tsakaninku daki-daki. Ya wuni yana yawo da kaya a rana, ciniki bai yi ba, ya koma ɗakin da suke kwana su biyar ko shida. Ba shi da labari mai daɗi, kuma a ransa ango ba ya kiran amarya ya ce yau ban samu komai ba. Sai ya ce bari sai gobe. Ke kuma a Tawa kin ga goma ta wuce, kin ga alamar yana kan WhatsApp, bai yi magana ba. Zuciyarki ta fara harbawa, tunani ya tafi kan matan Abijan. Kika kira, bai ɗauka ba, kika sake. Shi da ya ga kira shida ya san faɗa ke jiransa, ga gajiya, ga mutane a ɗaki, sai ya kife salula. Shirun ya tabbatar miki da zarginki, kiran ya tabbatar masa da cewa magana da ke wahala ce. Andrew Christensen da Christopher Heavey sun yi nazarin wannan zagaye a 1990, ɗaya yana matsawa ɗaya yana janyewa, kuma bincike da yawa bayansu ya danganta shi da rashin jin daɗin aure. Sun kuma lura cewa ba jinsi kaɗai ke kawo shi ba: wanda ke neman a canza wani abu shi ya fi matsawa, wanda zaman yadda ake ya ishe shi shi ya fi janyewa. Saboda haka neman wanda ya fara ɓata lokaci ne. Kowannenku martani yake mayarwa.

Akwai kuma abin da jiki ke yi. John Gottman, wanda ya daɗe yana nazarin ma'aurata a Jami'ar Washington da ke Siyatil, ya ga cewa idan bugun zuciya ya haura kusan 100 a minti ana cikin gardama, mutum ba ya iya sauraro yadda ya kamata, ba ya jin wasa, ba ya karɓar ban haƙuri. Kuma jiki na buƙatar aƙalla minti 20 kafin ya sauka. Duk saƙon da kika tura a cikin wannan hali, tsoro ne ya rubuta shi.

Nisa yana ƙara nasa. Masu soyayya daga nesa sun fi ƙawata juna a zuci, don kowa abin da ya zaɓa yake nunawa, sauran kuma zuciya ce ke cikewa, wani lokaci da mafarki, wani lokaci da zargi. Laura Stafford da abokan aikinta sun ruwaito a 2006 cewa cikin ɗaliban Amurka da suka yi soyayyar nesa sannan suka dawo gari ɗaya, kusan kashi ɗaya cikin uku sun rabu kafin wata uku. Yanayinsu ba irin naku ba ne, babu baiko babu iyaye a ciki, amma dalilin ya shafe ku: mutumin da ke cikin waya da mutumin da ke zaune a tsakar gida ba daidai suke ba. A jihar Tawa, inda gidaje da yawa ke da ɗa a Abijan ko Libiya ko Najeriya, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Shekarunku ma suna da hannu. Masanin halayyar ɗan Adam Erik Erikson ya rubuta a 1950 cewa babban aikin farkon girma shi ne iya kusantar wani ba tare da mutum ya ɓace a cikinsa ba, kuma wanda bai san kansa ba tukuna wannan yana yi masa wuya. Sashen gaba na ƙwaƙwalwa, mai taka wa fushi da gaggawa birki, yana ci gaba da girma har wajen shekara 25. A Nijar, inda alƙaluman UNICEF suka nuna kashi 76 cikin 100 na ƴan mata ana aurar da su kafin 18, ke a 23 wataƙila kin sha jin "har yanzu?" daga dangi. Wannan matsin yana sa budurwa ta ji in wannan ya kuɓuce shi ke nan, kuma mai jin haka ba ta iya tambayar abin da ya kamata ta tambaya.

To me za ki yi? Abu na farko, ku cire rashin tabbas daga maganar waya, don shi ne abincin fargaba. Ku tsai da lokaci: misali kira na minti 20 zuwa 30 sau uku a mako, a sa'ar da yake da wurin keɓewa, ba lokacin da abokan ɗaki ke kansa ba. Ki tuna agogon Abijan yana bayan namu da awa ɗaya, ƙarfe goma a Tawa tara ce a can, wataƙila bai ma tashi daga kasuwa ba. Sauran ranaku gajeren saƙo ya wadatar. Sharaɗi ɗaya za ki nema daga gare shi: in ba zai iya kira ba, ya turo layi ɗaya, "yau na gaji, sai gobe bayan isha'i", kuma goben ya cika. Ke kuma naki alkawarin shi ne kira ɗaya da saƙo ɗaya, sannan ki jira. Kira uku a mako da ake cikawa sun fi na kullum da ake yi don tsoron faɗa.

Yadda za ki kawo maganar shi ne rabin aikin. Gottman da Sybil Carrère sun nuna a 1999 cewa minti uku na farkon gardamar sababbin ma'aurata suna iya nuna ko auren zai ɗore. In kin fara da "kai kullum haka kake, ba ka damu da ni ba", kin taɓa halinsa gaba ɗaya, dole ya kare kansa ko ya yi shiru. Ki zaɓi ranar da kuke lafiya, ki faɗi abu ɗaya da ya faru, da abin da kika ji, da abin da kike so. Kamar haka: "Ranar Talata da ban ji ka ba, tsoro ne ya kama ni, ba fushi ba. Na san kiran da na yi ta yi ya dame ka. In ka gaji ka turo mini kalma ɗaya, zan kwanta da natsuwa." Ki yi da murya, ba da rubutu ba. Rubutu ba ya ɗaukar sautin magana, mai karantawa da halin da yake ciki yake karanta shi.

Idan daren ya zo, fargabar ta taso, ki ajiye salula a wani ɗaki. Ki yi alwala, ki zauna, ki ja numfashi a hankali, fitarwar ta fi shaƙar tsawo, na minti biyar. Hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito ya ce mai fushi in yana tsaye ya zauna, in bai huce ba ya kwanta, kuma abin da aka sani game da jiki ya yi daidai da haka. Sannan ki raba abu biyu a ranki ko a takarda: abin da na sani, da abin da nake zato. "Bai amsa ba tun takwas" sani ne. "Yana tare da wata" zato ne. Ki kawo wasu dalilai uku da za su iya sa shi shiru: caji, kredi, gajiya, maigidansa. Kada ki sake taɓa wayar sai minti 30 sun wuce. Makon farko zai yi zafi ƙwarai, don kiran da kike yi yana ba ki sauƙi na ɗan lokaci, kuma wannan sauƙin ne ke sa al'adar ta kafu. Duk daren da kika jure kika ga gari ya waye ba abin da ya faru, tsoron yana rage ƙarfi. Ki kuma cika wuninki da sana'a ko karatu ko islamiyya da ƙawaye. Wadda ta ɗora dukkan natsuwarta a kan kiran mutum ɗaya ta ɗora masa kayan da ba mai iya ɗauka.

Game da buɗe cikinsa, "me ke damunka?" tambaya ce mai faɗi da yawa ga wanda bai saba ba. Irwin Altman da Dalmas Taylor a 1973 sun kwatanta sanin mutum da ɓare albasa, kuma ƴar jihar da ke noma albasar Galmi ta san ba a kai wa tsakiya sai an bi ɓawo ɗaya bayan ɗaya. Ki fara da ƙananan tambayoyi masu takamaiman amsa. Wa ya fi taimaka maka da ka fara zuwa can? Wane abinci na gida ka fi kewa? Wace rana ce ta fi maka wuya a watan nan? Ki riga shi ba da naki, daidai girman abin da kike nema, don buɗe ciki ramawa ake yi. In kin zube masa komai a dare ɗaya zai tsorata.

Ranar da ya fito da wani abu, ko ƙarami ne, ita ce ranar jarrabawarki. A ce ya ce miki, "wallahi watan nan kasuwa ta ƙi." Akwai amsoshi huɗu da ke rufe ƙofa, kuma duk da kyakkyawar niyya ake yinsu. Gaggawar ba da shawara. Gaggawar cewa "sai haƙuri, Allah zai kawo" kafin ya gama, wanda addu'a ce ta gaskiya amma in ta zo da wuri tana nufin a bar zancen. Juyar da maganar kanki: "to lefen fa?" Da kuma kai labarin wurin inna ko ƙawa, har ya dawo kunnensa. Wannan na ƙarshe ya fi kowanne ɓarna, namijin da sirrinsa ya zaga dangi sau ɗaya da wuya ya sake. Ki dubi abin da Nana Khadija ta yi lokacin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya dawo daga kogon Hira jikinsa na rawa yana cewa a lulluɓe shi. Ta lulluɓe shi har tsoron ya tafi. Ta saurari labarin. Ya ce ya ji wa kansa tsoro, ta tuna masa da halayensa na sada zumunci da ɗaukar nauyin raunana da girmama baƙo. Bayan haka ne ta kai shi wurin Waraƙa ɗan Naufal. Natsuwa, sauraro, ƙarfafawa, sannan mafita. Ki riƙe wannan jerin. A aikace: ki yi shiru ya gama, ki maimaita abin da kika fahimta da kalmominki, ki yi tambaya ɗaya, kuma bayan kwana biyu ki sake tambayar yadda abin ya kasance.

Labari mai daɗi ma haka. Shelly Gable ta nuna a 2004 cewa yadda ake karɓar albishir yana da alaƙa da ƙarfin zumuncin masoya. In ya ce ya samu sabon mai saye, "to madalla" a sanyaye ba daidai take da "kai, ya aka yi ka same shi?" ba. Ga mai nauyin baki wannan ita ce ƙofa mafi sauƙi, don faɗin nasara ba ya buƙatar ya nuna rauni.

Kafin biki akwai maganganun da dole ku yi, ko da wani babba ne zai zauna tsakani. Bayan aure zai koma Abijan? Wata nawa zai riƙa yi? Ina za ki zauna, gidan iyayensa ko naki ɗaki? Kuɗin cefane hannun wa za su riƙa shiga, naki ko na mahaifiyarsa? Za ki ci gaba da aiki ko karatu? Me yake tunani game da ƙarin aure? Ba sai kun daidaita a komai ba. Gottman ya ƙiyasta kashi 69 cikin 100 na saɓanin ma'aurata ba ya ƙarewa, zama da shi ake koya. Abin da kike dubawa shi ne ko ana iya maganar da shi ba tare da ya ɓace ko ya wulaƙanta ki ba.

Ki ba wannan tsari mako shida zuwa takwas. Ba sauyin hali gaba ɗaya kike jira ba. Alamun da suka isa su ne: yana cika lokacin kira mafi yawan lokuta, ya gaya miki abu ɗaya ko biyu da bai taɓa faɗa ba, in kun saɓa ɗayanku na dawowa ya gyara cikin kwana ɗaya, kuma ya fara gane halinki ba sai kin faɗa ba. Buhari da Muslim sun ruwaito Annabi yana gaya wa Nana A'isha cewa yana sanin lokacin da take jin daɗinsa da lokacin da take fushi, daga ko ta rantse da Ubangijin Muhammadu ko da Ubangijin Ibrahim. Irin wannan lura ake nema, kuma koyonta ake yi.

Akwai kuma abubuwan da ba wannan bayani ne maganinsu ba. In yana yi miki ba'a idan kin faɗi damuwarki, ko yana kiranki da sunan raini, wannan wulaƙanci ne, kuma a binciken Gottman shi ne alama mafi ƙarfi ta mutuwar aure. In shirun nasa horo ne, sai kin yi ta roƙo kafin ya yi magana. In yana neman lambar sirrin wayarki, yana hana ki ƙawaye, yana sa ki turo hoto don ya tabbatar da inda kike, ko yana gorin kuɗin da ya aiko. In ya nemi hoton tsiraici, kada ki tura ko da an sa rana, don hoton da ya fita daga hannunki ba ya dawowa. Waɗannan mallaka ce, kuma aure yakan ƙara ta ne. Ki gaya wa waliyyinki ko wata babba da kika amince da ita tun kafin a ɗaura. Fasa baiko da zafi, amma ya fi sauƙi a kan fita da goyo.

Wani lokaci kuma shirun ciwo ne. In ya shafe mako biyu ko fiye ba ya jin daɗin komai, barci da ci sun lalace, yana maganar shi ba shi da amfani, to ciwon damuwa ne mai yiwuwa, likita yake buƙata. In halinsa na hawa da sauka, yau surutu gobe ƙunci da saurin fushi, a bincika ko yana shan tramol, wanda ya yaɗu tsakanin matasa masu aikin ƙarfi. Ke ma in fargabar ta hana ki barci da ci na makonni, ko tana zuwa da bugun zuciya da toshewar numfashi, ki je cibiyar lafiya (CSI) mafi kusa ko babban asibitin Tawa ki faɗa musu yadda kika faɗa a nan, su duba ki ko su tura ki gaba. A Yamai akwai sashen lafiyar ƙwaƙwalwa a babban asibitin ƙasa. Zuwa can ba ya nufin hauka.

In ya dawo don biki, ki roƙi a ba ku damar zama ku yi hira sau uku ko huɗu a gidanku, inda mutane ke gani, kafin hidima ta ɗauke kowa. Ki lura da yadda yake magana da mahaifiyarsa da ƙannensa mata, da abin da yake yi in an ɓata masa rai. Bayan tarewa kuma ki sa ran wata ukun farko za su zo da ƴan saɓani a kan barci, abinci, baƙi da zaman fada har dare. Ku ware minti 15 kowane dare ba waya a hannu. Kafin ya sake komawa, ku tsai da ranakun kira da wanda za ki nema cikin danginsa in wata matsala ta taso yana can.